Jerin sunaye da teburin dubawa a harshen C

Jerin sunaye, wanda ake buɗewa da kalmar `enum` a harshen rubuta manhaja na C da danginsa, hanya ce ta laƙaba wa lambobi suna, don mai rubuta manhaja ya daina cewa 0, 1, 2, ya riƙa cewa KASHE, KUNNE, KUSKURE. Teburin dubawa kuwa gurabe ne a jere da aka cika da amsoshi tun kafin a yi tambaya, ta yadda injin ba zai sake lissafi ba, sai dai ya miƙa hannu gurbi kaza ya ɗauko. Galibi tare ake ganinsu: sunan da ke cikin jeri shi ne lambar gurbi a tebur. A manhajar da ke zaune kusa da ƙarfen inji, kamar ta mitar lantarki, ta famfon sola ko ta zuciyar Linux, wannan haɗin ya zama ruwan dare saboda saurinsa da ƙanƙantarsa. Kuma a daidai wurin haɗin ne ake yawan yin tuntuɓe.

Asali

Niklaus Wirth ya sanya jerin sunaye cikin harshen Pascal tun 1970. C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs a farkon shekarun 1970, bai zo da shi ba. Daga baya aka ƙara masa, ya kuma shiga ƙa'idar ANSI ta 1989. Sai dai C ya karɓi sunan ne ya bar tsaron. A wurinsa kowane suna a jeri lamba ce kawai, kuma babu abin da ke hana mutum zuba 200 cikin jerin da iyakarsa 7. Tebur ma haka: C ba ya duba ko gurbin da aka nema yana ciki ko yana waje. Ƙa'idar harshen ta ce idan aka tsallake iyaka, duk abin da ya biyo baya ba ta da alhakinsa.

Misali da jihohin Nijar

A ce ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya rubuta wannan:

`enum jiha { AGADAS, DIFA, DOSO, MARADI, TAWA, TILABERI, DAMAGARAM, YAMAI, ADADIN_JIHOHI };`

C daga sifiri yake fara ƙirga, don haka AGADAS 0 ce, TAWA 4, YAMAI 7, ADADIN_JIHOHI kuma 8. Wannan suna na ƙarshe tsohuwar dabara ce mai kyau, domin da kansa yake ƙaruwa duk lokacin da aka ƙara suna a gabansa. Amma lambobin da ƙa'idar ISO 3166-2, mai ba yankunan ƙasashen duniya lambobi, ta ba jihohin daga 1 suke farawa: Agadas 1, Tawa 5, Yamai 8. Idan ɗalibin ya karɓi lambar daga takardar rajista ya jefa ta kai tsaye cikin teburin sunaye, mutumin Tawa zai fito a matsayin ɗan Tilaberi, lambar Yamai kuma ta faɗa bayan katangar tebur, inda wani abu dabam yake ajiye. Na biyun na iya kayar da manhajar nan take, kowa ya gani. Na farkon ya fi zama abin tsoro, don ba ya yin ƙara, yana iya shekara yana ɓata rajistar mutane ba wanda ya lura.

Maganin bai wuce layi biyu ba:

`if (lamba < 1 || lamba > ADADIN_JIHOHI) return NULL;`
`return sunaye[lamba - 1];`

Abin lura shi ne an duba ƙasa an duba sama. Da yawa suna tuna saman su manta lamba tana iya zuwa ƙasa da sifiri. Kuma wurin wannan bincike shi ne bakin ƙofa, wato inda lambar ta shigo daga fayil, daga intanet ko daga waya, a cikin aiki guda ɗaya, wato sashen manhaja ɗaya, da kowa zai bi ta kansa kafin ya taɓa tebur. Tilasta wa lamba sunan jeri da `(enum jiha)lamba` ba bincike ba ne ko kaɗan. Riga ce aka sa wa baƙo ba a tambaye shi daga ina yake ba.

Lambar banza ba sai da maƙiyi take zuwa ba. Na'urar da ke sarrafa famfo a garkar albasa a yankin Galmi, tana karɓar umarni ta doguwar waya cikin zafi da ƙura, tana iya samun bayit ɗaya, wato ɗan gutsuren bayani mai ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255, da ya gurɓace a hanya. Idan teburinta na adireshin ayyuka ne, wato gurbi 0 kashe famfo, gurbi 1 kunna shi, to lambar da ta wuce iyaka za ta sa injin ya yi tsalle zuwa adireshin da ba kowa ya rubuta ba. Kundin raunukan manhaja na MITRE ya ba wannan kuskure lamba CWE-129.

Idan jeri da tebur suka raba hanya

Jeri yakan girma. A 2011 gundumomin Nijar sun tashi daga 36 zuwa 63. Mai manhajar da ya ƙara sunaye a jeri ya manta tebur, ko ya cusa sabon suna a tsakiya, ya gocar da duk abin da ke ƙasa. Ƙa'idar C ta 1999, wato C99, ta kawo sauƙi, ta bari a rubuta `[TAWA] = "Tawa"`, kowane gurbi ɗaure da sunansa ko da an sauya tsari. C11 ta ƙara `_Static_assert`, wanda ke sa mai harhaɗa manhaja, wato manhajar da ke juya rubutun C zuwa harshen inji, ya ƙi aiki in tsawon tebur bai yi daidai da ADADIN_JIHOHI ba. Duk da haka akwai saura: gurbin da aka tsallake a tsakiya sifiri ake cika shi da shi, tsawon tebur kuma bai canza ba. Shi ya sa ƙwararru da yawa suka fi son rubuta jerin sau ɗaya tak, su bar makaro, wato umarnin da ke buɗe gajeren rubutu ya zama dogo kafin a harhaɗa, ya haifi jeri da tebur daga tushe guda. Rubutun ba shi da kyan gani, amma ya cancanci a jure shi.

Ramin tsakiyar tebur ya taɓa cin babban kamfani. A 1994 malamin lissafi Thomas Nicely, a jihar Bajiniya ta Amurka, ya gano cewa Pentium, injin lissafin kwamfuta na kamfanin Intel, yana kuskure a wasu rabe-raben lambobi. Dalili shi ne gurabe biyar a teburin da sashen rabawa ke dubawa sun ƙunshi sifiri a maimakon 2. Maye gurbin na'urorin ya ci kamfanin dalar Amurka miliyan 475.

Game da `switch` kuwa, umarnin da ke zaɓar abin yi bisa ga kowane suna na jeri, mai harhaɗa manhaja GCC yana gargaɗi ta hanyar `-Wswitch` in an manta wani suna na jerin, amma da zarar an sa `default`, reshen da ke kama duk abin da ba a ambata ba, sai ya yi shiru. `-Wswitch-enum` shi ne ke magana ko da `default` yana nan.

Baƙaƙe masu lanƙwasa

Akwai wani tarko da ya shafi mai rubuta Hausa kai tsaye. Ayyukan `isalpha` (mai duba ko abu harafi ne) da `toupper` (mai mayar da harafi babba) a mafi yawan tsaruka teburin dubawa ne a ɓoye, harafin da aka ba su shi ne lambar gurbi. A tsarin UTF-8 na ajiye haruffa a kwamfuta, harafin ƙ bayit biyu ne, 198 da 153; ɓ, ɗ da ƴ ma bibbiyu ne, duk sama da 127. A kwamfutocin x86 nau'in `char`, wanda C ke ajiye harafi a ciki, daga -128 zuwa 127 yake, don haka 198 sai ta koma -58. Manhajar da ta yi lafiya lau da "Tawa" tana iya leƙa gaban farkon tebur da ta ci karo da "Maraɗi" ko "ƴan makaranta". Laburaren glibc, tarin ayyukan C da mafi yawan tsarukan Linux ke amfani da shi, ya faɗaɗa teburinsa ya haɗiye lambobin ƙasa da sifiri, shi ya sa a Linux ba a cika ganin ɓarnar ba, sai an kai manhajar wani tsarin. A Linux na ARM kuma `char` ba ya sauka ƙasa da sifiri. Gyaran shi ne `isalpha((unsigned char)c)`. Wannan yana hana tsallake iyaka ne kawai. Gane cewa ƙ harafi ɗaya ne aiki ne na daban, na mai warware UTF-8.

Saɓanin haka, teburin CRC-32 na gano gurɓacewar bayanai, mai gurabe 256, misali ne na ginin da ya tsare kansa: ana tace lambar gurbi da `& 0xFF`, ba ta da yadda za ta wuce 255.

Inda binciken iyaka bai isa ba

A Janairun 2018 aka bayyana raunin Spectre, wanda ya nuna cewa injin zamani yakan yi gaba ya karanta gurbin tun kafin ya gama tabbatar da iyaka, ya bar sawun da maƙiyi zai iya bi. Masu Linux suka ƙara `array_index_nospec` saboda haka. Tun 2005 ma Daniel Bernstein ya nuna ana iya zaƙulo makullin AES, tsarin ɓoye bayanai, ta auna lokacin da duba tebur ke ɗauka. Don haka a aikin ɓoye sirri ana guje wa teburin da lambar gurbinsa ta dogara da makulli.

Ajiya da aikawa

Girman `enum` a C ba tsayayye ba ne: wani mai harhaɗawa ya ba shi bayit huɗu, wani ɗaya, musamman a ƙananan na'urorin ARM. Sai a C23 aka bari mutum ya ƙayyade shi da kansa, abin da C++ ya samu tun 2011. Saboda haka duk lambar da za a rubuta a fayil ko a aika ta waya, ana juya ta zuwa nau'i mai sanannen girma kamar `uint8_t`, a kuma rubuta wa kowane suna lambarsa a fili, `TAWA = 5`. Lambar da ta riga ta shiga ma'ajiyar na'urorin da ke hannun jama'a ba a sake ba wani suna ita, ko da an daina amfani da ita. Sabon suna lamba ta gaba yake ɗauka.