Lambobin jarumtakar soja a shafukan tarihin zuriya na Kaduna

Lambar jarumtaka ita ce lambar yabon da ake ba soja saboda wata bajinta takamaimai da ya nuna a fagen daga, kamar ceto abokin yaƙi ana cikin ɓarin wuta, ko tsayawa a bakin daga bayan an ji masa rauni. Ta sha bamban da lambar halartar yaƙi, wadda duk sojan da ya je fagen yake samu, da kuma lambar daɗewa a aiki. Masu rubuta tarihin zuriyarsu a intanet, a shafuka irin su FamilySearch da Geni da WikiTree, kan buƙaci wannan bambanci idan sun zo kan kaka ko kakan kaka da ya yi soja. A Kaduna batun yana da nauyi, domin gidaje da yawa a garin asalinsu na bariki ne, kuma lambobin mazan jiya na nan a ajiye cikin adaka.

Kaduna da aikin soja

An kafa rundunar sojan Turawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAFF, a shekarar 1897 ƙarƙashin Lugga. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914 aka dunƙule bataliyoyinta na ƙasar nan suka zama rejimanti guda ta Nijeriya. Kaduna ta tashi ne a matsayin sansanin soja da mahaɗar jirgin ƙasa, kafin a dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru wajajen 1917. A Zariya aka buɗe wurin horar da kurata a 1924, kuma har lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da Hausa ake ba da umarni a rundunar. Wannan ya sa Bature ya riƙa kiran sojojin da sunan Hausawa, alhali a cikinsu akwai Barebari da Zabarmawa da Tibi da Dakarkari da mutanen Kudancin Zariya da na Filato.

Rundunar ta yi yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916, inda aka gwabza a Garwa da Mora da Banyo, sannan aka kai ta Gabashin Afirka, inda ta yi asarar mutane da dama a Mahiwa, cikin Tanzaniya ta yau, a watan Oktoba na 1917. A Yaƙin Duniya na Biyu birged ɗin Nijeriya na cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, suka kuma kutsa Habasha. Daga 1943 aka kwashi runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma zuwa Indiya, daga nan zuwa Boma, wato Myanmar ta yau, inda suka yi yaƙi da Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Sunayen barikoki na riƙe da wannan tarihi: barikin Kalapanzin a Kaduna, na Chindit a Zariya, da Dodan da Myohaung a Legas, duk daga yaƙin Boma aka samo su.

Bayan 'yancin kai aka buɗe makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna a 1964, da kwalejin manyan hafsoshi a Jaji a 1976. Hedikwatar runduna ta ɗaya ta sojojin ƙasa na Nijeriya ma a Kaduna take.

Lambobin zamanin Turawa

Mafi girma a tsarin Ingila ita ce Victoria Cross, wadda aka ƙirƙiro a 1856. Babu sojan Nijeriya da ya same ta. Wanda aka ba a ƙasar Hausa Bature ne, Laftana Wallace Wright, saboda karon da aka yi da mayaƙan Kano a Kwatarkwashi a watan Fabrairu na 1903, inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasa ransa.

Lambobin da ƙananan sojoji baƙar fata suka fi samu biyu ne. Ta farko ita ce DCM (Distinguished Conduct Medal), ta bajinta ta musamman a fagen daga. Tun farkon shekarun 1900 akwai wadda aka keɓe wa sojojin Afirka, da sunan rundunarsu a jiki, har zuwa wajajen 1942 da aka soma ba su irin ta sauran sojojin Ingila. Ta biyu ita ce MM (Military Medal), wadda aka ƙirƙiro a 1916. Duk biyun na azurfa ne, masu siffar da'ira. Ƙyallen DCM irin ta sojojin Ingila ja ne mai duhu da shuɗin layi a tsakiya; na MM kuwa shuɗi ne mai duhu, da layukan fari uku da ja biyu a tsakiya. A bayan MM an rubuta da Turanci cewa don jarumtaka ce a fagen daga. Abin da ya fi amfani ga mai bincike shi ne bakin lambar: idan aka juya ta aka duba kaurin gefenta, za a ga lambar aikin sojan, da muƙaminsa, da sunansa, da rundunarsa, an buga su da 'yan mitsi-mitsin haruffa. Sau da yawa tsatsa da dauɗa sun rufe rubutun, sai an goge da tsumma mai laushi yake fitowa.

Akwai kuma ambaton suna a rahoton kwamanda. Wannan ba shi da lamba ta kansa, sai takardar shaida da ɗan ganye na tagulla da ake maƙalawa a ƙyallen wata lambar. Lambar jarumtaka ta MC (Military Cross) kuwa ta hafsoshi ce, kuma a wancan zamani kusan duk hafsoshin Turawa ne.

Cikin waɗanda sunansu ya shahara akwai Samanja Chari Maigumeri. Ya fara soja ne a ɓangaren Jamus a Kamaru, daga baya ya koma rundunar Ingila a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya samu MM da kuma BEM, wato lambar girma ta Daular Ingila, ya yi ritaya a 1953. Barikin Lokoja na ɗauke da sunansa. Akwai kuma Samanja Belo Akure, wanda ya haɗa DCM da MM.

Lambobin halartar yaƙi sun fi waɗannan yawa nesa ba kusa ba, kuma su aka fi samu a gidaje: tauraruwar 1939 zuwa 1945, tauraruwar Afirka, tauraruwar Boma, da lambar yaƙi ta 1939 zuwa 1945. Taurarin na tagulla ne masu tsini shida, kuma galibi babu sunan kowa a jikinsu. Tauraruwar Boma shaida ce cewa mutum ya halarci yaƙin Boma, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ratsa dajin Kaladan da kaya a ka. Amma ba a rubuta ta a matsayin lambar jarumtaka.

Lambobin Nijeriya

Dokar lambobin girma ta ƙasa ta 1964 ce. A ɓangaren soja lambar jarumtaka mafi girma ita ce Tauraruwar Nijeriya, wadda ake taƙaitawa NS, sai masu ɗauke da sunan Kogin Neja da Kogin Binuwai, wato RNS da RBS. Haruffan da aka saba gani a bayan sunayen hafsoshi, irin su FSS da MSS da DSS, na tsawon shekarun aiki ne. Haruffan psc na nuna an kammala kwalejin hafsoshi, mni kuma na cibiyar nazarin manufofin ƙasa da ke Kuru kusa da Jos ne. Akwai lambobin tunawa da 'yancin kai na 1960 da zama jamhuriya a 1963, da na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da na aikin wanzar da zaman lafiya a Kwango da Laberiya da Saliyo.

Wani lokaci da ƙarin girma ake saka wa jarumtaka. Muhammad Abu Ali ya tashi daga Manjo zuwa Laftana Kanar a 2015 saboda rawar da ya taka a yaƙi da Boko Haram, kafin a kashe shi a Malam Fatori a watan Nuwamba na 2016.

Tantancewa

Babbar matsalar ita ce suna. Magatakardan soja kan rubuta kurtu da sunan yanka da na garinsu, sai a sami Musa Kano da Garba Zariya da Audu Katsina barkatai a bataliya guda, kuma rubutun sunan kan canza daga takarda zuwa takarda. Wasu ma da sunan aro suka shiga soja don kada iyaye su gano. Saboda haka lambar aiki ce madogara, kuma ana samunta a takardar sallama, ko littafin fansho, ko gefen lambar.

Da yawa daga lambobin jarumtaka na zamanin Turawa an buga su a gazet ɗin Landan, wato jaridar sanarwar gwamnatin Ingila, wanda ake iya bincikawa kyauta a intanet. Takardun da kwamandoji suka rubuta don neman a ba soja lamba a Yaƙin Duniya na Biyu suna ma'ajiyar tarihi ta Ingila da ke Kew a Landan, cikin jerin WO 373. A nan ne ake samun ainihin labarin: ranar da abin ya faru, wurin, da abin da sojan ya yi. A Kaduna akwai reshen ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da kuma Gidan Arewa, inda takardun mulkin Arewa suke, sannan ƙungiyar mazan jiya ta Nigerian Legion kan san tsofaffin mambobinta. Waɗanda suka mutu a Boma, sunayen da yawa daga cikinsu na maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, kuma hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta sa su a shafinta. A 2021 hukumar ta amsa cewa dubban 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta sunayensu yadda aka yi wa Turawa ba.

Labarin baka yana da daraja, musamman na tsofaffin matan gida da suka zauna a bariki. Sai dai "Baba ya ciyo lamba a Boma" na iya nufin kowace irin lamba, don haka akan rubuta shi a matsayin abin da iyali suka ruwaito har sai an sami takarda.

Yadda ake rubutawa a shafi

Akasari ana sa haruffan lambar jarumtaka a bayan suna, a kawo cikakken sunanta da shekarar a cikin tarihin mutumin, tare da muƙami da bataliya da lambar aiki. Lambobin halarta da na daɗewa a aiki ana jera su daban. Hoton lambar gaba da baya da gefe ya fi kowane bayani amfani. Wasu shafukan na da rukuni ko alama ta musamman ga masu lamba, amma an fi tsara su don sojojin Turai da Amurka.

Saɓani

Ra'ayi ya rabu kan lambobin yaƙe-yaƙen mamaya, irin na Kano da Sakkwato da Burmi a 1903 da na Satiru a 1906, domin a kan mutanen ƙasar aka yi su. Wasu iyalai na rubuta su ba tare da sharhi ba, wasu na barin su. Haka ma lambobin yaƙin basasa, waɗanda a wasu gidajen Kaduna da aka yi auratayya tsakanin Arewa da Gabas ba a cika son tayar da zancensu ba.