Zaɓi tsakanin abokin ƙuruciya da rabin rai a tsofaffin finafinan soyayya

Zaɓi tsakanin abokin ƙuruciya da rabin rai jigo ne da ya daɗe a finafinan soyayya, musamman na Amurka daga shekarun 1930 zuwa 1950, da na Indiya daga shekarun 1950 zuwa ƙarshen ƙarni na 20. Yarinya ko saurayi yana da wanda suka yi wasan ƙasa tare, iyaye sun san juna, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai wani ya ɓullo daga baya, wanda zuciya ta ji kamar ta daɗe da saninsa, kuma dole a bar ɗaya. Abin da ya raba wannan jigo da sauran labaran masoya uku shi ne yawanci babu mugu a ciki. Abokin ƙuruciya bai yi laifin komai ba, sau da yawa ma ya fi kowa halacci, shi ya sa barinsa ke da nauyi a kan mai zaɓen da kuma mai kallo.

Tushen tunanin

Tunanin cewa kowane mutum yana da wanda aka halitta dominsa ya girmi fim nesa ba kusa ba. A littafin Symposium na Aflatun, wanda aka rubuta a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwai tatsuniyar Girkawa da ke cewa an tsaga mutanen farko gida biyu, kowane ɓari yana yawon neman ɗan'uwansa. A wajen Musulmi akwai hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa rayuka runduna ce haɗaɗɗiya, waɗanda suka san juna su saba, waɗanda ba su san juna ba su saɓa. Ibn Hazm na Andalus, a ƙarni na 11, ya bayyana so a littafinsa Ɗauƙul Hamama da cewa haɗuwa ce ta sassan rayuka da aka raba.

Ɗaya ɓangaren kuma, wato na abokin ƙuruciya, yana tsaye ne a kan sabo da alheri da alkawari. Masanin nan ɗan ƙasar Finland, Edvard Westermarck, ya kawo a 1891 cewa waɗanda suka tashi tare tun suna ƙanana sosai ba su cika sha'awar juna ba idan sun girma. Daga baya Arthur Wolf ya yi nazarin auren da ake yi a Taiwan, inda akan ɗauko yarinya tana ƙarama a raine ta a gidan mijin da za ta aura, ya ga irin wannan aure ya fi saurin mutuwa. Wannan ya yi daidai da abin da jaruman fim kan faɗa wa abokin ƙuruciya: ina son ka, amma son ɗan'uwa.

A Holiwud

Labarin da ya fi fito da ƙin abokin ƙuruciya ƙarara shi ne Little Women na Louisa May Alcott, wanda ya fito a 1868 da 1869. George Cukor ya mayar da shi fim a 1933 da Katharine Hepburn, aka sake yi a 1949 da 1994 da 2019. Jarumar labarin, Jo, ta ƙi auren Laurie, maƙwabcinsu kuma amininta, ta auri Farfesa Bhaer, Bajamushe talaka da ya girme ta. Laurie ya auri ƙanwarta Amy. Masu karatu sun yi ta aika wa marubuciyar wasiƙu suna neman a haɗa Jo da Laurie, ta ƙi, kuma har yau masu kallo ba su daina wannan gardama ba.

A 1939 aka saki finafinai biyu da suka kalli al'amarin ta fuskoki masu karo da juna. A Gone with the Wind, Scarlett (Vivien Leigh) ta shafe shekaru tana bin Ashley Wilkes, ɗan maƙwabtansu da ta sani tun tana yarinya, wanda ya yi auren zumunci da Melanie. Sai bayan mutuwar Melanie ta gane cewa Ashley da take so a kanta kawai yake, kuma Rhett Butler (Clark Gable) ne daidai da ita. Lokacin shi kuwa ya gaji, ya tafi abinsa.

Wuthering Heights na William Wyler, daga littafin Emily Brontë na 1847, ya haɗa abokin ƙuruciya da rabin rai a jikin mutum ɗaya, wato Heathcliff (Laurence Olivier), marayan da mahaifin Cathy ya tsinto ya kawo gida. Dukan labarin yana rataye a kan fitowa guda. Cathy (Merle Oberon) tana gaya wa mai aikinsu Ellen cewa Edgar Linton mai dukiya ya nemi aurenta, kuma auren Heathcliff ƙasƙanci ne a gare ta. Heathcliff yana laɓe yana ji. Ya fice cikin ruwan sama kafin ta kai ga rabi na biyu na maganar, inda take cewa ranta da nasa abu ɗaya ne. Abin da ya raba su a nan matsayi ne da dukiya, kuma fim ɗin bai yafe wa kowa ba.

Sabrina (1954) na Billy Wilder ya fi sauƙi. 'Yar direban gidan attajirai (Audrey Hepburn) ta girma tana hawa bishiya tana leƙen David (William Holden) yana rawa da 'yan mata a liyafa. Ta tafi Paris koyon girki, ta dawo ta zama wata daban, David ya rikice. Yayansa Linus (Humphrey Bogart) ya shiga nemanta da gangan don kada a ɓata auren da aka shirya wa David, wanda zai haɗa kamfaninsu da wani, sai tarkon ya kama mai shi.

A finafinan Indiya

A Indiya ne jigon ya yi jijiya sosai, domin a can aure na dangi ne, kuma abota tsakanin maza tana da nauyin rantsuwa. Devdas, littafin Sarat Chandra Chattopadhyay na 1917, an yi fim ɗinsa sau da dama. Fitattu su ne na Bimal Roy a 1955 da Dilip Kumar, da na Sanjay Leela Bhansali a 2002 da Shah Rukh Khan. Devdas da Paro tare suka tashi a ƙauye, iyayensa suka ƙi ta, shi kuma ya kasa tsayawa a kan ƙafarsa. Aka aurar da ita ga wani dattijo mai dukiya da matarsa ta mutu, Devdas ya faɗa shaye-shaye, ya mutu a ƙofar gidan mijinta.

Sangam (1964) na Raj Kapoor, fim ɗinsa na farko mai launi, wanda ya doshi awa huɗu, ya ɗauki yara uku da suka tashi tare. Sundar yana son Radha, Radha tana son Gopal, Gopal yana son ta amma ya kasa faɗa saboda Sundar. Da Sundar zai tafi aikin sojan sama, ya ba Gopal amanar kada ya bari wani ya shiga tsakaninsa da Radha. Aka ce ya mutu, su biyun suka fara shirin aure, sai ga shi ya dawo da ransa. Gopal ya ja da baya. Bayan Sundar ya auri Radha, sai ya tsinci tsohuwar wasiƙar soyayya marar sa hannu a wajen matarsa, zargi ya cinye gidan, daga ƙarshe Gopal ya harbe kansa. Abin da ke da ciwo a fim ɗin shi ne Radha ta san wanda take so tun farko, amma maza biyu suka yi ta miƙa wa juna ita da sunan abota, ba a tsaya an saurare ta ba.

Misalin da ya fi cika sharuɗɗan jigon shi ne Dil To Pagal Hai (1997) na Yash Chopra. Pooja (Madhuri Dixit) marainiya ce da iyayen Ajay (Akshay Kumar) suka riƙe. Ta yi imani akwai wanda aka yi dominta, amma da Ajay ya nemi aurenta yana shirin tafiya Landan, nauyin alherin gidansu ya hana ta cewa a'a. Sai ta haɗu da Rahul (Shah Rukh Khan), daraktan wasan rawa da ke neman wadda za ta maye gurbin Nisha (Karisma Kapoor), aminiyarsa da ta ji ciwo a ƙafa, wadda ita ma take son sa a ɓoye. Mutum biyu ke nan suke asara ba tare da laifi ba. A daren da aka buɗe wasan, Ajay ya kunna kaset ɗin da Pooja ta naɗa tana faɗin abin da ke ranta game da Rahul, ya sake ta a gaban jama'a. Karisma Kapoor ta samu lambar yabo ta ƙasa saboda fitowarta a matsayin Nisha, kuma ba mamaki, domin fitowar da ta fi tsayawa a ran mutane ita ce inda Nisha take kuka tana ganin laifin ƙaddara maimakon na Rahul. Shekara guda bayan haka Kuch Kuch Hota Hai na Karan Johar ya juya lissafin: aminiyar makaranta, Anjali (Kajol), ita ce ta zama rabin ran, amma sai da matar jarumin ta farko ta mutu (shi ma sunansa Rahul), kuma ango Aman (Salman Khan) ya janye ranar biki.

Wa yake yin zaɓen?

Duk wanda ya jera waɗannan finafinai zai ga cewa jarumar ba ta cika yin zaɓen da bakinta ba. Ko dai wani ya mutu, ko wanda aka yi wa alkawari ya yafe. A Amurka akwai dalili na doka: ƙa'idojin tace fim da ake kira dokar Hays, waɗanda aka tsananta daga 1934 aka jingine a 1968, sun hana a nuna cin amanar aure a matsayin abin sha'awa. A Indiya kuwa yarinyar da ta watsa wa waɗanda suka raine ta ƙasa a ido za ta rasa tausayin 'yan kallo, don haka marubuci kan ɗora sadaukarwar a wuyan abokin ƙuruciya. Dabara ce mai aiki, amma tana kauce wa tambayar da labarin ya tayar. Jo ce kaɗai cikin waɗanda aka ambata ta dubi amininta ta ce a'a, ta ɗauki nauyin abin da ya biyo baya. Past Lives (2023) na Celine Song ya bi wannan sawu ta wata hanya: abokin ƙuruciya ya taso daga Koriya ta Kudu zuwa New York, matar ta gan shi, ta zauna da mijinta, ba wanda ya mutu, ba wanda ya sake ta.

Masu kallo a ƙasar Hausa

Tun shekarun 1950 Kwarori masu gidajen sinima suke kawo finafinan Indiya arewacin Najeriya, suka kuma samu karɓuwar da ta zarce ta finafinan Turawa. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya nuna a wata maƙala ta 1997 cewa matasan Hausawa suna ganin damuwarsu a cikinsu, wato rikici tsakanin son zuciya da biyayyar iyaye. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya lissafa soyayyar mutum uku, da auren dole, da rawa da waƙa a matsayin manyan alamomin da finafinan Kannywood suka tashi da su.

A nan abokin ƙuruciya yakan zama ɗan baffa ko ɗan kawu, wanda wataƙila tun yarinya tana goye aka ce ga matarka. Ƙin sa ya wuce ɓata ran mutum ɗaya, yana iya taɓa zumuncin gidaje biyu. Karin maganar "matar mutum kabarinsa" kuwa kowane ɓangare yana kafa hujja da ita: iyaye su ce haɗin da suka yi shi ne rabon, masoya su ce baƙon da ya zo daga baya shi ne. Akwai kuma bambancin da babu shi a Holiwud ko a finafinan Indiya da aka ambata. Idan namiji ne tsakanin mata biyu, marubucin Hausa yana iya aura masa dukansu, labarin ya koma na kishi da zaman gida. Idan mace ce tsakanin maza biyu, babu wannan mafita, shi ya sa a rubuce-rubuce da finafinan Hausa jigon ya fi tsanani a kan yarinya.