Takin yuriya a abincin tumaki: a yi shi da awo

Daga watan Fabrairu zuwa faɗuwar damina, lokacin da harawa ta ƙare ko ta yi tsada, yawancin masu kiwo ba su da abin zuba wa tumaki sai karan dawa da na gero da bambaron shinkafa. Tunkiya za ta cika ciki da su amma ta ci gaba da ramewa har haƙarƙarinta ya bayyana, domin furotin, wato sinadarin gina jiki, na wannan busasshen abinci bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ba, alhali ƙananan halittun da ke cikin tumbi, waɗanda su ne ke narkar da kara, suna buƙatar kusan kashi 7.

Yuriya, farin takin nan da muke zuba wa masara, kashi 46 cikin ɗari nasa naitrojin ne, kuma halittun tumbi suna iya mayar da shi furotin. Sai dai ina roƙon 'yan'uwa masu kiwo kada su barbaɗa shi a kan abinci kai tsaye. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a jiƙa karan da shi. A sassara kara kilo 100, a narkar da yuriya kilo 4 a cikin ruwa lita 100, wato jarka huɗu masu lita 25, a riƙa yayyafawa ana tattakewa a cikin rami, sannan a rufe da leda a danne bakinta da ƙasa yadda iska ba za ta shiga ba. Bayan mako 3 za a tarar karan ya yi laushi ya koma ruwan ƙasa, da wari mai hawa hanci. A ɗebi na yini ɗaya a baza a inuwa ya sha iska, a fara ba su kaɗan-kaɗan tare da dusa har su saba.

Ba a ba 'yan raguna da ba su fara tuƙa ba wannan kara, haka jaki da doki da kaji. Dabbar da ta lashi takin ko ta sha ruwansa takan fara dalalar da yawu da karkarwa da kumburin ciki cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma tana iya mutuwa nan take. In an ga haka, a ɗura mata ruwan khal da ruwan sanyi a hankali, a aika a kira malamin dabbobi ba tare da jinkiri ba.