Shin sauya tatsuniya a wasan talabijin ɓata ta ne?

An daɗe ana faɗa a Sakkwato cewa kowace tatsuniya tana da siga ɗaya tilo ta asali, don haka duk wasan talabijin da ya ƙara mata wani abu ko ya sauya ƙarshenta ya gurɓata ta. Masu wannan ra'ayi kishin gadon kakanni ne yake motsa su, kuma abin a yaba ne.

Sai dai tatsuniya a baki take rayuwa, kuma kowace kaka tana daidaita labarin Gizo da Ƙoƙi da jikokin da ke gabanta, ta tsawaita nan, ta sauya waƙa can. Ko rubutattun ma ba su tsaya cik ba. Shahararren tarin tatsuniyoyin Jamus da aka fara bugawa a 1812 ya sha gyara har zuwa bugu na bakwai a 1857, inda a wasu labaran aka mayar da muguwar uwa ta zama kishiyar uwa. Mai shirya wasa kuwa dole ne ya ba taurari dalilin ayyukansu, ya kuma raba gajeren labari kashi-kashi, kodayake a ganina wajibi ne ya kiyaye hikimar labarin da tarbiyyarsa.

Mai son tabbatarwa ya nemi tsohuwa a cikin gari da wata a Wurno, dukansu su ba shi tatsuniya iri ɗaya, sannan ya kwatanta abin da ya ji. Don Allah a tura wannan bayani ga 'yan'uwa da abokan arziki.