Jiragen "Da A Ce": Ma'anar What-if a Wajen Masu Haɗa Ƙananan Jiragen Yaƙi

Mai sha'awar jiragen sama yakan ci karo da hoton wani jirgin yaƙi mai ɗaukar ido, da tambarin wata ƙasa a fiffikensa, ga dogon bayani a ƙasa: shekarar da aka saye shi, rundunar da ta yi aiki da shi, yaƙin da ya halarta. In ya bincika sai ya tarar babu jirgin, babu rundunar, wani lokacin ma yaƙin ba a yi shi ba. Jirgin na roba ne, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba, tarihin kuma wanda ya haɗa shi ne ya ƙaga. Masu wannan harka suna kiranta "what-if", ko su gutsure su ce "whif". Mu sai mu ce jiragen "da a ce".

Harkar reshe ce na wata tsohuwar sha'awa. Tun 1936 kamfanin Frog na Ingila ya fara sayar da ƙananan jirage a warwatse cikin kwali, mai saye ya haɗa da gam, ya yi fenti. Daga baya Airfix, Revell, Tamiya da Hasegawa suka cika kasuwa. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne 1/72, wato kowane inci ɗaya na samfurin daidai yake da ƙafa 6 na jirgin gaske. Akwai kuma 1/48 da 1/32 ga mai son babba. Ƙa'idar gidan ita ce kwaikwayo ba ƙari ba ragi. Akwai waɗanda za su kwana suna gardama a kan ainihin launin toka da aka shafa wa wani jirgi a 1944. Ɗan what-if ya san duk wannan, amma da gangan yake karya ƙa'idar a wuri ɗaya, sannan ya bi sauran tarihin ya ga inda zai kai shi.

Jirgin da ya fi kowane shan wannan aiki shi ne TSR-2 na Birtaniya. Ya fara tashi a watan Satumba na 1964, gwamnati ta soke aikinsa a Afrilun 1965 saboda tsada. Ɗaya kacal ya taɓa tashi sama, biyu kuma suna ajiye yau a gidajen tarihi na Cosford da Duxford, farare fat. An ce za a maye gurbinsa da F-111 na Amurka, shi ma aka soke cinikin a 1968. Haushin wannan bai bar Turawan Ingila ba har yanzu, shi ya sa za ka ga TSR-2 na roba sanye da launin rairayi irin wanda jiragen Birtaniya suka sa a yaƙin Tekun Fasha na 1991, ɗauke da bama-baman da ba a ƙirƙiro ba sai bayan mutuwarsa. 'Yan Kanada kuma nasu ciwon jirgin yaƙinsu Avro Arrow ne, wanda aka soke ranar 20 ga Fabrairu 1959.

Amma reshen da ya fi daɗi, a ganina, shi ne na jiragen da aka yi wa garambawul: tsohon jirgi sananne, a ce an sake masa inji, an ƙara masa hanci don sabuwar rada (na'urar hango jirage daga nesa), an liƙa masa ƙananan fikafikai a gaba. Daɗinsa shi ne duniya ta riga ta nuna yadda ake yin irin wannan. Da Faransa ta hana Isra'ila jiragen Mirage bayan yaƙin 1967, sai Isra'ilar ta ɗauki tsarin Mirage 5 ta cusa masa injin J79 na Amurka, aka sami jirgin Kfir. Afirka ta Kudu, a ƙarƙashin takunkumin makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1977, ta mayar da tsofaffin Mirage III ɗinta Cheetah. Romaniya ta sabunta MiG-21 da taimakon kamfanin Elbit aka kira shi LanceR, Indiya ta yi nata mai suna Bison. Kowanne akwai dalilinsa: takunkumi, ko talauci, ko ɓatawa da mai sayarwa. Daga nan ɗan what-if yake koyon yadda ƙarya mai kama da gaskiya take.

Nan ne tarihin da ake rubuta wa jirgin yake shigowa, kuma shi ne rabin aikin. Mu ɗauki misali daga gida. Najeriya ta karɓi jiragen Jaguar guda 18 a 1984, ƙirar haɗin gwiwar Birtaniya da Faransa, zuwa farkon shekarun 1990 an ajiye su saboda kuɗin kula da su ya gagara. Indiya kuwa ta ci gaba da amfani da nata, kamfanin HAL yana haɗa su a Bangalore, ana ta sabunta na'urorinsu a shirin da ake kira DARIN. Wannan duk gaskiya ne. To, da a ce Najeriya ba ta bar nata sun lalace ba fa? Mai haɗawa zai sayi kwalin Jaguar na 1/72, wanda tsawonsa zai kai wajen santimita 23, ya yanke hancin ya sa mai rada, ya nemo sitikar kore-fari-kore. Sai ya zauna rubutu, kuma a nan ake gane gwani. Ba zai ce Birtaniya ce ta yi gyaran a 1996 ba, domin a lokacin Tarayyar Turai ta sa wa gwamnatin Abacha takunkumin makamai, an kuma dakatar da Najeriya daga ƙungiyar Commonwealth tun Nuwamban 1995. Dole ya jira bayan 1999, ko ya tura jiragen Indiya. Ba zai jera guda 30 ba tunda 18 aka saya, kuma mai hankali zai ce an farke wasu don a sami kayan gyaran sauran. In ya ga dama ya sake musu inji, sai ya faɗi wanda ya biya, domin Indiya kanta ta yi niyyar sa injin kamfanin Honeywell ta fasa saboda tsada. Ƙarya ɗaya aka yi a farko, duk sauran tilas su yi biyayya ga kuɗi, siyasa da nauyin da fiffike zai iya ɗauka.

Wanda bai damu da wannan ba shi ne zai rataya wa ƙaramin jirgi makamai masu linzami goma sha biyu, ya ce ya fi kowa gudu. Ba laifi, kayansa ne, amma abin ba ya tsayawa a rai.

Aikin hannun kansa na masu haƙuri ne. Ana ciro fiffike daga wannan kwali, wutsiya daga wancan, a cike tsagin da wani kwaɓi mai bushewa, a goge da samfefa har mahaɗin ya ɓace. Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara yana yaro ya san wannan natsuwar. Yanzu na'urar buga abu mai siffa uku ta sauƙaƙa lamarin, mutum zai zana hancin da yake so a kwamfuta ya fitar da shi.

Akwai wani ɓangare da ake kira "Luft '46", na jiragen da Jamus ta zana a takarda a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a ce yaƙin ya kai 1946 har an ƙera su. Yana da kasuwa sosai, yana kuma da masu ƙyamarsa, kuma ina fahimtarsu: kafin waɗannan jiragen su tashi, sai an ƙara wa mulkin Hitler shekara guda, da duk abin da hakan ke nufi ga mutanen da ke sansanoninsa. Yawancin masu haɗawa siffar jirgin ce ta ja su, ba aƙidar ba. Duk da haka dokar Jamus ta hana nuna alamar 'yan Nazi a kayan sayarwa, shi ya sa kwalayen da ake sayarwa a can ba sa zuwa da ita.

Da can masu bin tarihi sau da ƙafa suna yi wa 'yan what-if kallon masu wasa. Yanzu sun sami gindin zama, har teburinsu suke kafawa a babban baje kolin da ƙungiyar masu haɗa samfuran roba ta Birtaniya, wato IPMS, ke yi kowane Nuwamba a garin Telford. Matsalar da ta rage ita ce ta hoto. Gwani yana iya ɗaukar samfurinsa a waje da hasken rana, ya haɗa shi da hoton filin jirgi, wani ya kwafe hoton ba tare da gargaɗin cewa ƙage ne ba, kafin ka ankara ana yaɗa shi a matsayin sabon jirgin da wata ƙasa ta saya. Don haka da yawansu suke fara bayaninsu da layi guda da ke cewa duk abin da ke biye ƙirƙira ne, sannan a ƙarshe su rubuta sunayen kwalayen da suka ciro kowane sashe.