Kalmar sirrin faifan kwamfuta da aka kulle: tambayoyin da kullum ake maimaitawa

Na manta kalmar sirrina. Masu manhajar za su buɗe min?

A'a. A manhajojin kulle faifai, ko BitLocker ne na Windows, ko FileVault na Mac, ko VeraCrypt, ba a bar wata ƙofar baya ba. Da an bar ta, da ɓarawon kwamfuta ma ta nan zai shiga.

Ban taɓa kunna BitLocker ba, me ya sa kwamfutar ke neman lambobi 48?

Ita ta kunna kanta. Kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna kulle faifai da zarar an shiga da asusun Microsoft, sai su aje makullin ko-ta-kwana, wato waɗannan lambobi 48, a cikin asusun. Kwantar da hankalinka, ka ɗauki waya ka shiga aka.ms/myrecoverykey. In ka tarar da makullai da yawa, duba lambar shaidar da allon kwamfutar ya nuna, ka zaɓi wanda haruffa takwas na farkonsa suka yi daidai da ita. Idan kuwa mai shago ne ya yi maka saiti da nasa asusun, to makullinka yana hannunsa.

In rubuta a takarda? An ce haɗari ne.

Rubuta, malam. Kwafi biyu, ɗaya a gida inda kake aje takardun fili, ɗaya a wurin wanda ka amince da shi. Haɗarin shi ne ka sa takardar cikin jakar kwamfutar.

To in aje ta a manhajar adana kalmomin sirri irin KeePassXC ko Bitwarden fa?

Da kyau, muddin za ka iya buɗe manhajar daga wata na'ura. Wanda ya aje makullin a kan faifan da makullin ke buɗewa ya kulle ɗaki ne ya bar makulli a ciki.

Ina tuna rabin kalmar, sauran ya shige min duhu. Akwai dabara?

Wataƙila, amma ba alkawari. Da farko dakatar da hannunka: kar ka yi fomatin, kar ka bari a sake ɗora Windows. Bayananka suna nan lafiya matuƙar ba a rubuta komai a kansu ba.

Sau da yawa ma ba mantuwa ba ce, kibod ne. Allon da ke neman kalmar kafin kwamfuta ta gama tashi yakan yi aiki da tsarin kibod na Amurka, kuma ba ka ganin abin da kake bugawa. Mai kibod ɗin Faransanci, irin wanda ya yawaita a Nijar, zai buga A ta fita Q, ya buga Z ta fita W, lambobi kuma su rikice. A kibod ɗin Ingila alamar @ da " sun yi musayar wuri. Gwada waɗannan, ka duba Caps Lock da Num Lock.

In bai yi ba, zauna da biro ka rubuta duk yadda kake zaton ka tsara ta: babban harafi a farko, shekara a ƙarshe, tazara tsakanin kalmomi ko babu. Ka riƙa soke wadda ka gwada. Kar ka yi ta bugawa barkatai, domin in lambar PIN ce ta BitLocker, guntun TPM, wato na'urar tsaro da ke cikin kwamfutar, yakan toshe bayan kuskure 32, sai ka jira.

Daga nan sai manhajojin da ke gwada kalmomi ɗaya bayan ɗaya, irin su hashcat da John the Ripper, kuma a kan kwafin faifan ake aiki, ba a kan na asali ba. Harafi biyu ko uku da suka ɓace ana iya cimma su. Kalmomi uku cikakku, da wuya. A LUKS2, tsarin kulle faifai na Linux, abin ya fi tsauri, saboda lissafin da yake amfani da shi, Argon2, da gangan yake jinkirta kowane gwaji. Duk wanda ya ce ka biya shi zai fasa kowace irin kalma, kuɗinka yake so.

In sa ƙ, ɗ, ɓ don ta ƙara ƙarfi?

Kul. A allon farko babu inda za ka same su.

Wace irin kalma ce ba a mantawa?

Kalmomi shida da ba su da alaƙa da juna, waɗanda aka zaɓa da ƙuri'a. Tsarin Diceware yana da jerin kalmomi 7,776 don wannan aikin. Ban da karin magana, ban da aya, ban da sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa. A makon farko ka riƙa kashe kwamfutar gaba ɗaya kowane dare, don ka buga kalmar da safe. Masu rufe murfi kawai na wata uku su ne ke zuwa da kuka ranar da batir ya mutu.

Zan kai kwamfutar wurin mai gyara.

Ka fitar da makullin tukuna. Buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa, ka buga manage-bde -protectors -get C: ka kwafe lambobin 48, rukuni takwas ne, kowanne lamba shida. Sabunta BIOS (manhajar da ke tada kwamfuta), kashe Secure Boot (tsaron lokacin tashi) ko canza madabod duk suna iya sa ta nemi makullin, don haka ka dakatar da BitLocker kafin a taɓa su. Na FileVault haruffa da lambobi 24 ne. Mai LUKS kuma ya ƙara kalma ta biyu da umarnin luksAddKey, ya kwafe sashen farkon faifan da ke riƙe bayanan makulli (header) da umarnin luksHeaderBackup, ya aje shi a filash dabam, domin in sashen ya lalace, kalmar da ke daidai ma ba za ta buɗe komai ba.