Tsananin Neman Kamala da Hanyar Magance Shi da Kai

Tsananin neman kamala hali ne da mutum ke ɗora wa kansa mizanin da ya fi ƙarfinsa, sannan ya riƙa auna darajarsa da cimma mizanin kaɗai. Ya sha bamban da kyautata aiki, wanda abin yabo ne. Mai kyautata aiki yakan gama ya huta. Mai wannan hali kuwa ko ya yi nasara sai ya raina ta, ya ƙara ɗaga mizanin.

A 1991 masana Paul Hewitt da Gordon Flett na Kanada suka kasa shi gida uku: wanda mutum ke matsa wa kansa, wanda yake matsa wa wasu, da wanda yake jin jama'a ne ke bukata daga gare shi. Na ukun ya fi ciwo, musamman a gidajen da yaro ke zuwa na biyu a aji a tambaye shi me ya hana shi zuwa na ɗaya. Likitoci ba su lissafa halin a matsayin cuta mai zaman kanta, amma yakan zo tare da ciwon damuwa, fargaba, matsalar cin abinci da waswasi.

Hanyar da mutum zai magance shi da kansa ta samo tushe daga maganin gyaran tunani da ɗabi'a na likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck, kuma a 2002 masaniyar halayyar ɗan Adam Roz Shafran da abokan aikinta a Jami'ar Oxford suka fayyace yadda halin ke ciyar da kansa. Mutum yakan rubuta dokokin da ya kafa wa kansa, irin su "dole kada in yi kuskure", sai ya gwada su. Ɗalibar Jami'ar Jihar Kaduna da ke duba aikinta sau goma za ta duba sau biyu ta miƙa, ta ga ko makinta ya faɗi. Telan Tudun Wada da ke farke ɗinki har salla ta wuce zai sa wa kansa lokacin gamawa, don garin neman ƙiba ake samo rama. Gwajin nan shi ne ƙashin bayan maganin, karatu kaɗai ba ya wadatarwa. Ana kuma so mutum ya raba darajarsa tsakanin iyali, zumunci, ibada da hutu, kada aiki ya cinye duka.

Idan barci ya ƙaurace, cin abinci ya lalace, ko tunanin kashe kai ya shigo, taimakon kai bai isa ba. A Kaduna ana ganin likita a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa.